Ko ƙarin garanti na da amfani ga tirelar zango?

Ka ce dillali a Amurka yana son ya haɗa maka ƙarin garanti, wato yarjejeniyar biyan kuɗin gyara bayan garantin kamfani ya ƙare, a kan tirelar kwana (ɗakin kwana mai taya da ake ja da mota) da za ka saya. Kada ka sa hannu nan take.

Irin wannan tirela ba ta da inji ba ta da giya, wato babu lalacewar inji ko giya da ke karya aljihu. Garantin kamfani kuma yawanci shekara 1 ne, don haka kana da lokacin yin tunani. Abin da ƙarin garantin yake biya shi ne gyaran firji, da na'urar sanyaya ɗaki, da tukunyar ruwan zafi, da na'urar da ke turo ɗakin gefe waje. Amma babban ciwon tirela yoyon rufi ne: gam ya tsage, ruwa ya shiga, katako ya ruɓe. Wannan kusan duk takardun ƙarin garanti sun cire shi, suna cewa sakacinka ne.

In dai za ka saya, nemi wanda ya lissafa abin da ba ya biya kawai, wato yana biyan duk abin da ba ya cikin jerin. Tambayi nawa za ka cire daga aljihunka a kowane gyara, ka kuma kira masu garantin kafin makanike ya taɓa komai. Ajiye rasit ɗin girisin boris na taya, wanda ake sawa duk wata 12 ko mil 12,000. Farashin ma ana tayawa.