Amsa: TSH ya hau, amma an ce tairod ne ya yi kasala

'Yar'uwa, kin ce gwaji ya nuna TSH ɗinki ya hau, likita kuma ya ce tairod ɗinki, ƙwayar nan ta gaban wuya, shi ne ya gaza, kin rasa gane yadda za a yi sama da ƙasa lokaci guda. Babu saɓani ko kaɗan.

TSH homon ne, wato sinadarin da ke kai saƙo a cikin jini, kuma ba daga tairod yake fitowa ba. Fituwitari ce ke fitar da shi, wata 'yar ƙwaya a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, da shi take ba tairod na wuya umarnin sakin homon ɗin T4 da T3. Idan suka yi ƙaranci a jini, sai ta ƙara ɗaga murya, kamar mai kiran wanda barci ya yi wa nauyi. Shi ya sa TSH ya wuce kusan 4.0, iyakar da aka saba ɗauka daidai a gwajin. Kasala, jin sanyi, bushewar fata da ƙiba ba dalili, duk daga ƙarancin homon ɗin tairod ne.

Idan aka ɗora ki kan lebotairoksin, maganin da ke cike gurbin homon ɗin tairod, ki sha da safe cikin ba komai, ki jira minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Maganin ƙarin jini ko kalsiyam ki ba shi tazarar awa 4, mutane da yawa nan suke kuskure. Bayan mako 6 zuwa 8 a sake gwajin, kuma kada ki daina don kin ji sauƙi.