Gajiyar da barci ba ya warewa

"Anti, shekarata uku ina aikin kula da tsofaffi a Ingila, yawanci na dare. Bizata a hannun kamfani take, don haka duk ƙarin awannin da aka ɗora min ba na iya cewa a'a. Ranar hutu wuni nake a gado da waya a hannu, in tashi kamar an yi min duka. Tsofaffin da nake tausaya wa a da, yanzu ƙararrawarsu ma haushi take ba ni. Idan aka kira daga gida gabana faɗuwa yake, don na san buƙata ce. Wata abokiyar aikina ta ce in koma saƙar da na saba yi, ni kuwa sai na ji kamar raini ne. Kwarashi ne zai yi min maganin wannan?"

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarki shi ne maganar ƙararrawa, don na san ita ce take sa ki zargin kanki. Ba mugun hali ne ya shige ki ba. A 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam, Herbert Freudenberger, ya lura da irin wannan a wani asibitin kyauta a New York: masu aikin sa-kai sukan zo da zafinsu, a hankali sai karsashi ya mutu, su koma jin haushin mutanen da suka zo taimaka wa. Ya sa wa abin suna mai nufin ƙonewa ƙurmus. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, da alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, tsanar aikin ko janye zuciya daga gare shi, da jin cewa ba ka tsinana komai. Biyu na gani a wasiƙarki. Ta ukun ke za ki tambayi kanki.

Abokiyar aikinki ba raina ki ta yi ba, rabin magana dai ta faɗa miki.

Akwai wani malami a Jami'ar Chicago, Mihaly Csikszentmihalyi, ɗan asalin Hungary, wanda ya rasu a 2021. Tun wajejen 1970 yake bin masu zane, 'yan wasan dara na Turawa, masu hawan duwatsu da likitocin tiyata, yana tambayarsu yadda suke ji idan aiki ya yi daɗi. Amsarsu kusan ɗaya ce: mutum yakan nutse har ya manta da kansa, ya manta da agogo. Ya gano cewa nutsewar nan tana da sharuɗɗa. Dole ka san abin da kake son yi, ka riƙa ganin sakamako nan take, kuma abin ya ɗan fi ƙarfinka kaɗan, ba mai sauƙin da zai gundure ka ba, ba mai wuyar da zai firgita ka ba. Da ya raba wa mutane 'yar na'ura mai ƙara, suna rubuta halin da suke ciki duk sanda ta yi kuka, sai ya ga zaman kallon talabijin yana cikin lokutan da ba a cika samun wannan nutsewa ba.

To ki auna wunin da kike yi da waya. Yatsa na ja, ido na kallo, amma zuciya tana can tana lissafin bashi, da ranar ƙarewar biza, da abin da manaja ta faɗa. Jiki ne ya kwanta, kai bai tashi aiki ba. Yanzu ki tuna sanda kike saƙa mai ado: kina ƙirga ido, uku a haɗe, a tsallake ɗaya, a juya. Hankali ya kauce, layi ya karkace, sai kin warware. Wurin da damuwa za ta zauna ke nan ƙirga ta cinye. Kuma a ƙarshe ga abu a hannunki kina gani ya ƙaru, alhali aikin jinya kullum jiya i yau, wanda kika gyara da dare shi za ki tarar gobe. Ni kaina sai da na koma zane da fensir na gane cewa shekara da shekaru ban yi wani abu da ba na wani ba.

Ki ware minti 30 bayan kin farka, kafin ki buɗe saƙonni, wayar kuma ki bar ta a wani ɗaki. Ki zaɓi samfurin da ba ki gama iyawa ba. Kwanakin farko za ki ji hannu ya yi nauyi, kada ki yanke hukunci kafin mako biyu. Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki mayar da shi sana'a. Da zarar wata ta ce ki saƙa mata kafin Asabar, kin ƙara wa kanki shugaba. Banda haka, irin bizarki tana da iyaka kan aikin gefe, sai kin duba sharuɗɗanta kafin ki karɓi kuɗin kowa.

Ɗaya rabin maganar shi ne awannin. Fitilar da manta ya ƙare, gyaran lagwani ba zai hana ta mutuwa ba. A dokar Birtaniya ba a tilasta wa ma'aikaci ya wuce matsakaicin awa 48 a mako, wanda galibi ake lissafawa a kan mako 17, sai in ya sa hannu cewa ya yarda. Da yawa sun sa hannun a cikin tulin takardun ranar farko ba su sani ba. Ki duba naki. Ana iya janyewa a rubuce, da sanarwar aƙalla kwana bakwai, ko abin da yarjejeniyar ta tanada, wanda ba ya wuce wata uku. Kina da hutun mako 5.6 a shekara da albashinki, kuma mai aikin dare yana da haƙƙin duba lafiya kyauta. Riƙe miki biza bai soke ko ɗaya ba. Kafin ki tunkari manaja, ki kira Acas, suna ba da shawara kyauta kan sha'anin aiki.

Mutanen gida kuwa, ki yanke abin da za ki iya turawa duk wata, ki faɗa wa babba ɗaya da ake jin maganarsa, ki gaya masa gaskiyar halin da kike ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su hotunanki kawai suke gani. Ki kuma ware ranar da za ki kira don hira zalla.

Idan barci ya ƙi zuwa, ko kika daina jin daɗin komai har saƙar, ko tunanin cutar da kanki ya gifta miki, wannan ya wuce kwarashi, ki ga likitanki a makon nan. Ki sake rubuto min da jimillar awannin da kika yi a wata huɗun da suka wuce, mu lissafa tare.