Jatan lande na mutuwa a kandamina, mai kemis ya ce in zuba kafso

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni mai kiwon tarwaɗa ne a wani ƙauye da ke yankin Auyo a Jihar Jigawa. Wata uku da suka wuce wani abokin cinikina ya kawo mini jatan lande masu rai, jajaye masu manyan almakasai, ya ce ana samun kuɗi da su a ƙasar Sin. Na zuba su a ƙaramin kandamin ƙasa wanda nake ba shi ruwa daga magudanar noman rani. Tun makon jiya suke mutuwa. Da asuba ina iske su sun hau gefen kandami, wasu sun kife, wasu kuma da ɗigo-ɗigo fari a ɓawonsu. Mai kemis ya ba ni kafso ja-da-yalo, na zuba sau biyu ban ga sauƙi ba. Maƙwabcina ya ce in saki ruwan, in banda sauran in sayar. Tsorona kada cutar ta kama tarwaɗa, domin ita ce jarina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya mayar da alheri. Bari in fara da abin da ya hana ka barci. Manyan cututtuka biyu da aka san wannan halitta da su, wato cutar farin ɗigo da wadda ake kira annobar jatan lande, ba sa kama kifi, ba sa kama mutum. Idan ɗayansu ce ke kashe su, tarwaɗarka ba ta cikin haɗari. Idan kuwa ruwan ne ya lalace, wanda shi na fi zargi, to tarwaɗa ma tana kan layi, sai dai ita tana da wata gaɓa a bayan kanta da take shaƙar iska daga sama, shi ya sa take jure abin da jatan lande ba ya jurewa.

Akwai ruɗani a sunan. Abin da ake aunawa a mudu a kasuwar Sabon Gari ta Kano, wanda mutanen kudu ke kira kirefish suna daka shi a miya kamar yadda muke yi da daddawa, ƙananan jatan lande ne na bakin teku da ake busarwa a wurare irin su Oron a Jihar Akwa Ibom. Wanda ka siffanta dabam ne. Siffarsa ta yi daidai da jan nan na fadamun Luwiziyana a Amurka, wanda masana ke kira Procambarus clarkii, mutanen can kuma suna ce masa kurofish, suna dafa shi a manyan tukwane da barkono da masara da dankali. Mutanen Ostireliya suna kiran nasu yabi. A Suwidin har biki ake yi masa a watan Agusta. Nahiyar Afirka, in ka cire tsibirin Madagaska, ba ta da ɗan asalin wannan dangi ko ɗaya, saboda haka baƙo ka sauka a kandaminka.

Hawa gefen kandami da asuba alamar ƙarancin iskar oksijin ce, domin a lokacin ne take yin ƙasa ƙwarai, kuma ruwa mai zafi ba ya riƙe ta sosai. Da zarar ta sauka ƙasa da miligiram 3 a kowace lita sai su fara galabaita. Abu na biyu shi ne magudanar da kake ɗebo ruwa. Jatan lande ɗan'uwan ƙwari ne a halitta, kuma maganin feshi irin su saifametirin da ake yi wa shinkafa da tumatir da wake yana kashe shi da ɗan abin da ido ba ya gani. Ya isa a ce wani manomi ya wanke tankin feshinsa a sama da kai. Farin ɗigon kuwa yana iya zama cutar farin ɗigo, wadda ƙwayar bairus ke haddasawa, aka fara ganinta a gonakin jatan lande na Taiwan a 1992, ta kuma bayyana a kandaman Luwiziyana a 2007. Yana kuma iya zama taruwar sinadarin kalsiyam kawai a ɓawo lokacin saɓa. Gwajin ɗakin bincike ne ke rarrabewa.

Yanzu sai maganar kafso, kuma ka yi mini haƙuri, zan daɗe a kanta, domin kusan kullum sai na ji ta. Ja-da-yalo tetirasaikilin ne, maganin kashe bakteriya. Ka duba abubuwan da na lissafa: ƙarancin iska, gubar feshi, bairus. A cikinsu babu guda da kafso ke taɓawa. Ko annobar ce, abin da ke kawo ta wani nau'in fumfunar ruwa ne mai suna Aphanomyces astaci, shi ma kafso ba ya yi masa komai. Mai kemis bai ga kandamin ba, bai auna ruwan ba, wataƙila bai taɓa ganin halittar da idonsa ba, amma ya yanke hukunci ya karɓi kuɗi. Ni kaina na taɓa zuwa wani kandami na iske ruwan ya koma rawaya kamar an jiƙa kurkur, mai shi ya nuna mini fankon kwali bakwai, yana alfaharin bai yi ƙyashin kashe kuɗi ba. Da muka auna, matsalarsa ragowar abinci ce da ta ruɓe a ƙasa.

Da a ce asarar kuɗin ce kawai da sauƙi. A cikin kowane kandami akwai bakteriya masu amfani waɗanda ke sarrafa amoniyar da ke fitowa daga kashi da ragowar abinci. Idan ka zuba kafso ka raunana su, amoniya ta hau, mace-macen ya ƙaru, sai mai kandami ya ce maganin ne bai isa ba, ya koma kemis. A nan ne ake ba shi wanda ake cewa ya fi ƙarfi, wani lokaci har kuloramfenikol, maganin da ƙasashe da dama suka haramta ba dabbar da za a ci, saboda yana iya lalata ɓargon mutum ya daina ƙera jini. Ga shi kuma dabbar da ba ta da lafiya ba ta cin abinci, maganin da aka watsa a ruwa kuwa ba shi da ma'auni, sai ya tsarma ya kai matakin da ba ya kashe bakteriya masu cutarwa, sai dai ya koya musu jure shi. Wannan ruwan shi ake saki a magudana, da shi ake ban-ruwan latas da kabeji, a ciki yara ke wanka. Ranar da yaron ya kwanta da gudawa ko taifod, likita ya rubuta magani ya ƙi ci, ba mai tuna kandami. A shekarar 2019 kaɗai, bakteriyar da ta daina jin magani ta kashe mutum kimanin miliyan 1.27 a duniya, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi ko'ina.

Akwai masu cewa wuta na wanke komai, wai da an banda shi ke nan. Banda tana kashe ƙwayoyin cuta da yawa, amma ba ta da tabbacin cire ragowar magani ko gubar feshi daga tsoka. Shi ya sa duk maganin da aka halatta wa dabbobi yake da kwanakin jira kafin a yanka ko a sayar, likitan dabbobi ne kuma ke faɗarsu. A mazhabar Malikiyya da muke bi, cin halittun ruwa halal ne, amma halaccin jinsi bai halatta sayar wa mutane abin da ka san ka shayar da magani jiya ba, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Waɗanda ka tsinta a mace ka binne su. Ko masu lafiya ma sai an dafa su sun nuna sosai, domin ɗanyen ƙaguwa da jatan lande na ruwan daɗi suna iya ɗaukar tsutsar huhu mai sa tari da jini kamar tarin fuka, cutar da aka sha fama da ita a kudu maso gabas bayan yaƙin basasa.

Shawarar sakin ruwa ita ce mafi haɗari a maganar maƙwabcinka. Jan Amurka yakan ɗauki fumfunar annoba a ɓawonsa ba tare da ta kashe shi ba. Ta isa Turai ta Italiya wajen 1860, ta shiga Suwidin a 1907, ta kusa ƙarar da nasu na gida. Mu ba mu da na gida da za ta kashe, amma shi kansa baƙon bala'i ne: an sake shi a tafkin Naibasha na Kenya wajen 1970, ya cinye tsirran ruwa yana lalata ragar masunta, a Masar kuma ya bazu a kogin Nilu tun shekarun 1980 yana haƙa ramuka a jikin magudanai. Ruwanka kogin Haɗeja yake nufa, daga nan sai dausayin Haɗeja da Nguru. Mu da muka ga yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa ta hana masunta da manoma sakat bai kamata a yi mana dogon bayani ba.

Ka dakatar da kafso yau, ka kuma dakatar da abinci kwana biyu. Ka toshe hanyar magudana, ka sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan da na rijiyar burtsatse, wanda ka kwashe kuma ka tura shi wani rami nesa da magudana, da raga a bakin bututu. Daga tsakar dare zuwa hantsi ka kunna injin ban-ruwa yana fesa ruwan sama yana dawowa. Ka kewaye kandamin da kwano ko leda mai santsi, domin suna tafiya a ƙasa da dare. Raga da bokitin wannan kandami kada su taɓa na tarwaɗa, kuma ka shanya su su bushe ƙarau a rana. Sannan ka ɗauki guda biyar masu rai da suka galabaita a cikin ƙanƙara, da ruwan kandami da na magudana a kwalabe biyu masu tsabta, ka kai wa jami'in kifi ko likitan dabbobi na gwamnati a Haɗeja ko Dutse. Idan aka ce ka dawo gobe, ka nemi a rubuta maka takardar tura samfurin zuwa cibiyar binciken kifi ta New Bussa ko ta dabbobi da ke Vom, domin samfurin yana saurin ruɓewa.