Ƙaramar Hukuma: Wa Ke Riƙe da Jaka, Wa Ke Iya Rusa Ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a shekarar farko ta karatun harkokin mulki. Kullum ana nanata mana cewa ƙaramar hukuma ita ce gwamnatin da ta fi kusa da talaka, amma in na duba sai in ga a ƙasashe da yawa gwamnatin sama ce ke juya ta yadda ta ga dama. Daga ina tsarin ya samo asali, kuma yaya ake gane mai iko na gaskiya da wadda take hoto kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya sa albarka a karatu. Ka ga abu da idonka kafin littafi ya faɗa maka, kuma abin da ka gani gaskiya ne.

Mulkin gari ya girmi yawancin ƙasashen da ke taswira a yau. Duk inda mutane suka cunkushe wuri ɗaya, dole a sami mai kula da ruwan sha, da shara, da hanya, da awo a kasuwa. A daular Rum, garuruwa suna da majalisar dattawa masu hali, kuma kowace shekara akan zaɓi mutum biyu su shugabanci garin tare. Da farko kujerar abin alfahari ce. Daga baya daular ta ɗora wa 'yan majalisar tara haraji, ta ce in ya gaza su cika daga aljihunsu, sai masu hali suka dinga gudun muƙamin, har aka kafa dokokin hana su tserewa. A biranen Musulunci irin su Alƙahira kuwa akwai muhtasibi, wanda ke duba ma'auni da ingancin kaya, yana hana a toshe hanya da gini. Aikinsa na hukumar gari ne sak, sai dai sarki ko alƙali ke naɗa shi, mutanen gari ba su da ta cewa.

Zaɓe na zamani ya zo ne a makare. Faransa ta kafa ƙananan hukumominta a Disamba 1789, kuma yau tana da kusan 35,000, wasu ba su kai mutum ɗari ba. Ingila ta yi dokar 1835 wadda ta gyara garuruwa 178, ta ƙwace su daga hannun 'yan tsiraru masu naɗa junansu, ta ba masu biyan harajin gida damar zaɓen kansiloli.

Amma abin da ya mayar da hukumar gari babbar ma'aikata shi ne ƙazanta da annoba. A 1854 kwalara ta kashe sama da mutum 600 a unguwar Soho ta Landan. Likita John Snow ya bi gida-gida yana bincikar inda kowane mamaci yake zaune, sai ya ga mace-macen sun taru kewaye da famfo ɗaya a titin Broad. Bai je fadar sarauniya ba. Wajen hukumar unguwar ya je, washegari suka cire hannun famfon. Bayan shekara huɗu, a zafin 1858, warin kogin Thames ya addabi majalisar ƙasa har ana jiƙa labulen tagogi da sinadari don a iya zama. A cikin 'yan makonni suka ba hukumar ayyukan birnin izinin cin bashin fam miliyan 3, injiniya Joseph Bazalgette ya gina magudanan da ake amfani da su har yanzu. Lura da wannan: hukumar tana nan tun 1855, kuma ta san maganin. Kuɗi ne ba ta da ikon samu, sai da warin ya isa hancin manya.

Wannan ya kawo mu rabi na biyu na tambayarka. Ɗalibai sukan ɓata lokaci a kan sunan shugaba da yadda ake zaɓensa, alhali wannan shi ne mafi ƙarancin tasiri. A Faransa kansiloli ke zaɓen magajin gari daga cikinsu. A New York jama'a ke zaɓensa kai tsaye. Wasu biranen Amurka, tun daga Staunton a 1908, sukan ɗauki ƙwararren manaja aiki, majalisa ta sa masa ido, ta kore shi in ya gaza, magajin gari ya zama mai yanka kirtani a biki. Kowanne cikin ukun ya yi aiki a wani wuri, ya lalace a wani.

Ni abin da nake fara tambaya shi ne: wa ke iya rusa ta? A 1868 wani alƙali a jihar Iowa ta Amurka, John Dillon, ya yanke hukuncin cewa hukumar gari halittar jiha ce, wadda ta hura mata rai ita ke da ikon ɗauke shi. Wannan fahimta ce ke aiki a ƙasashe da dama ko da ba su taɓa jin sunan Dillon ba. Faris ta zauna ba magajin gari daga 1871 har 1977, lokacin da aka zaɓi Jacques Chirac, saboda gwamnatoci na tsoron birnin da ya saba tayar da juyin juya hali. Gwamnatin Margaret Thatcher ta rushe babbar majalisar Landan a 1986 bayan doguwar takun saƙa, birnin bai sake samun hukumar bai ɗaya da aka zaɓa ba sai 2000. Shi ya sa wasu ƙasashe suka sa ƙaramar hukuma cikin tsarin mulki don kada ta zama abin wasa: Barazil a 1988, Indiya a 1992, inda aka kuma ware wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujeru.

Sai dai rubutu a kundi ba ya biyan albashi, don haka tambaya ta biyu ita ce kuɗi. Hukumar gari tana samu ne daga harajin gidaje da filaye, da kuɗin lasisi da na hidima, da kason da ake turo mata daga sama, wani lokaci da bashi. Wadda ke rayuwa da harajin mazauna dole ta saurare su, don mai biya yakan tambayi inda kuɗinsa ya tafi. Wadda ke jiran kaso kuwa idonta na sama, kuma duk wanda kuɗin ke bi ta hannunsa shi ne ubangidanta. Najeriya misali ce a fili: ƙananan hukumomi 774 suna cikin tsarin mulki, amma kasonsu ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, har Kotun Ƙoli ta ce a ranar 11 ga Yuli 2024 a riƙa biyansu kai tsaye. Kada ka ɗauka dogaro da kai ma ba shi da haɗari. Da masana'antu da mutane suka bar birnin Detroit na jihar Michigan a Amurka, haraji ya bi su, bashi ya kai kusan dala biliyan 18, a 2013 gwamnan Michigan ya naɗa kantoma ya ɗora shi a kan zaɓaɓɓun shugabanni, birnin ya shiga kotu a matsayin wanda ya karye.

In za ka auna wata ƙaramar hukuma don aikin makaranta, bar jawabin shugaba, nemi kasafin kuɗinta na shekara biyu ko uku. Duba kashi nawa ta tara da kanta, kashi nawa aka turo mata, nawa ya tafi albashi kafin a zo kan magudana da asibitin unguwa. Sannan ka tambaya wa ke ɗaukar ma'aji aiki, wa ke iya sauya masa wuri, kuma rahoton mai binciken kuɗi na bara an karanta shi a zauren majalisa ko yana kulle a durowa.