Ko akwai mai a ƙarƙashin dutsen siminti?

Tambaya: Malam, ni direban tirela ne, ina ɗauko siminti daga Ewekoro zuwa Legas. Wani ma'aikacin kwari, wato wurin fasa dutse, ya nuna mini dutse da ɓawon katantanwa manne a jikinsa, ya ce daga irin wannan dutsen Larabawa ke haƙo mai. To me ya hana mu haƙa a nan? Daga mai karatu a Agege.

Amsa: Malam direba, abokin naka bai yi ƙarya ba. Yankin Ewekoro teku ne sama da shekara miliyan 50 da suka wuce, kuma ɓawon halittun ruwa ne ya taru ya zama dutsen, wato dutsen farar ƙasa da ake yin siminti da shi. Fiye da rabin ɗanyen man duniya a cikin irinsa yake kwance, har da filin mai na Ghawar a Saudiyya da aka gano a 1948.

Wanda masu neman mai suka fi kwaɗayi shi ne tsohon tudun murjani da aka binne, wato tudun da ƙananan halittun teku suka gina. Halittun sun gina shi da ramuka, ruwa ya ƙara cinye cikinsa, ya zama kamar soso. A Kanada, kamfanin Imperial Oil ya haƙa rijiya 133 babu ko ɗigo, sai a Fabrairun 1947 ya dace a Leduc, inda tudun murjani mai shekara kusan miliyan 380 ke binne. Haka aka samu a Intisar ta Libiya a 1967. Sai dai tudun ba shi da faɗi, kana iya haƙa a gefensa ka tashi a tutar babu. Idan kuma ka faɗa babban rami, lakar da ake zubawa cikin rijiya yayin haƙa ta zurare ƙasa, injiniya ya kwana bai runtsa ba. In dutsen ya toshe, asid ake ɗura masa ya buɗe.

Amma dutsen mazubi ne kawai. Sai an samu baƙar laka a ƙasa da zafi ya dafa ta ta fitar da mai, sannan da murfin laka ko gishiri a sama. Na Ewekoro a fili yake, katafila ma na kankarar sa, ina murfi? Man da ya taso sama a yankin nan ya daskare ya zama kwalta, ga ta can a Agbabu ta jihar Ondo.

Man Neja Delta a cikin dutsen yashi yake. Haka ma na filin mai na Aje da ke tekun Legas, wanda aka fara haƙowa a 2016.