Me ya sa karatu ke gajiyar da ni, amma waya ba ta gajiyar da ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce, ina shirin rubuta JAMB. Da na ɗauki littafin Kimistiri, ko minti 20 ba na yi sai kaina ya yi nauyi, amma ina iya kwashe awa uku a kan waya ban ji komai ba. Yayata ta ce sukarin jikina ne ke ƙarewa, in riƙa shan lemo. Lalaci ne ko ciwo?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari in fara da maganar lemon. Gaskiya ne ƙwaƙwalwa tana cin abinci sosai: nauyinta kusan kashi 2 cikin 100 na jiki ne, amma tana cinye kusan kashi 20 na kuzarinsa. Sai dai ko kina karatu ko kina kallon bidiyo, abin da take ci bai bambanta da yawa ba. Muddin kin karya kumallo, minti 20 ba za su ƙarar miki da sukari ba.

Abin da ke faruwa ya fi kama da ciniki. Duk sa'ad da kika so tattara hankalinki wuri guda, ƙwaƙwalwa tana yin tayi: nawa zan biya, me zan samu, yaushe zan same shi, kuma tabbas ne? A 2013 Amitai Shenhav da Matthew Botvinick da Jonathan Cohen suka kawo bayanin cewa wani yanki da ke can ciki ta gaba, a lungun da ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu suke fuskantar juna, shi ne mai riƙe wannan lissafi. Idan riba ta rinjayi wahala, ya ba da izinin a mai da hankali. Idan ba ta rinjaya ba, sai ki ji wannan nauyin.

Kuma an gwada an ga tunani yana da farashi. A Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, Andrew Westbrook da Todd Braver sun ba mutane zaɓi tsakanin aikin riƙe haruffa a ka mai wuya da kuɗi da yawa, da mai sauƙi da kuɗi kaɗan. Mutane suka yi ta yarda da ragin kuɗi don su tsere wa mai wuyar, kuma ragin da suke yarda da shi yana ƙaruwa daidai ƙaruwar wahalar. Ba ragwaye aka tara ba, mutane ne kamar ni da ke.

To, auna naki cinikin. Ladan Kimistiri yana can bayan watanni, kuma ba ki da tabbacin makin da za ki ci. Ladan waya kuwa yana zuwa kowane 'yan daƙiƙoƙi, ba tare da kin biya komai ba. Har ma idan wayar na gefenki kina karatu, ƙwaƙwalwa tana ƙara daɗin da kika bari a kan farashin littafin. Shi ya sa shafin da ya gagare ki yau, daren jarrabawa kike karanta shi har asuba. Kanki bai canza ba, lada da asara ne suka matso kusa.

Sinadarin dofamin, ɗaya daga cikin sinadaran da ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da su, yana da hannu a wannan awo. John Salamone ya nuna cewa ɓeran da aka rage wa dofamin bai daina son abinci mai daɗi ba, amma ya daina yarda ya sha wahala don ya same shi, sai ya koma wa na arha da ke gabansa. A 2020 kuma, binciken Westbrook da Roshan Cools a Nijmegen ta ƙasar Holan ya nuna cewa dofamin yana sa mutum ya fi kallon ribar aiki fiye da wahalarsa. Sun yi amfani da maganin Ritalin a gwajin, kuma ina roƙonki kada wannan ya sa ki nemi ƙwayar karatu a kemis. Magani ne da likita kaɗai ke rubutawa, yana hana barci, yana tada bugun zuciya, yana kuma iya zama jaraba.

Akwai gajiya ta haƙiƙa, ban musa ba. A 2022 masu bincike a Paris suka ga wani sinadarin aika saƙo mai suna gulutamet yana taruwa a gaban ƙwaƙwalwar waɗanda suka yi sama da awa shida suna aiki mai wuya, daga nan suka fara fifita ƙaramin lada na nan take. Amma awa shida ake magana, ba minti 20 ba.

Shawarata ita ce ki sauya farashin. Ki bar wayar a wani ɗaki, ko ki damƙa wa yayarki. Maimakon ki ce "zan karanta Kimistiri", ki ce "zan amsa tsofaffin tambayoyi goma", ki duba amsoshin nan take, domin ganin kin ci bakwai lada ne da ƙwaƙwalwa take ƙirgawa. Inda kika kasa gane komai, ki koma babin baya ko ki tambayi malami, saboda wahalar da ba ta haifar da fahimta ita ƙwaƙwalwa ta fi saurin ƙi. Ki kuma sami isasshen barci.

Idan kuwa nauyin ya wuce karatu, har abinci da hira da abin da kike so a da duk sun fita ranki na mako biyu ko fiye, ko kina yawan jiri da kasala, ki je asibiti a duba ki. Ciwon damuwa da ƙarancin jini duka suna zuwa da irin wannan siga, kuma duka suna da magani.