Kafin ka sayi Marsandin nan, ga amsar tambayarka

Wa alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka tun jiya bayan isha'i amma ido ya ƙi, sai yanzu da na dawo daga masallaci na sa tabarau na sake karantawa a tsanake. Ka ce kuɗinka sun kai ka sayi Marsandi 'yar Kwatano, C300, amma babanka ya ce ka dakata, wai bai kamata yaron da aka yaye shekara biyu da suka wuce ya hau motar da ta fi ta maigidansa ba, shine kake tambaya wai wannan addini ne ko al'ada, in kuma al'ada ce daga ina ta samo asali tunda motar ma ba mu muka ƙera ta ba. To tambaya ta yi, kuma na ji daɗi da ka tambaya, da wani ne da tuni ya sayo ya ɓoye a gidan aboki yana zuwa yana leƙa ta da daddare kamar mai zance.

Addini dai bai hana ka ba, guminka ne, halaliyarka ce. Al'ada ce, kuma al'adar ta girmi mota nesa ba kusa ba, ta doki ce mota ta zo ta gada. A da in kana kan doki ka hango wanda ya girme ka a sarauta ko a shekaru sauka kake ka gaishe shi a ƙasa, ba a gaida babba daga sama. Kuma ba kowane kaya kowa ke ɗora wa dokinsa ba ko da yana da kuɗin saye, kamar yadda ba a busa wa kowa kakaki, ba kowa ake riƙa wa laima ba, rawani mai kunne biyu ma a Kano kowa ya san na su waye. Attajiri zai iya sayen laima ɗari a kasuwa amma bai isa a riƙa masa ɗaya a hawan sallah ba. To da mota ta shigo sai mutanenmu suka dube ta da wannan idon, suka jera motoci kamar yadda suka jera dawaki, Marsandi kuwa ita ta hau sama ta zauna.

Ita kanta motar tarihinta akwai daɗin ji, bari in ba ka kaɗan tunda kana son hawa, bai kamata mutum ya hau abin da bai san asalinsa ba. Mutum biyu ne a kudancin Jamus kowa na aikinsa daban. Ɗaya Karl Benz a garin Mannheim, shi ya samu takardar mallakar fasaha ta motarsa mai taya uku a watan Janairun 1886, ɗayan kuma Gottlieb Daimler da abokin aikinsa Wilhelm Maybach a wajen Stuttgart. Mutane ba su yarda da abin ba da farko, gani suke wasan yara ne mai ƙara da hayaƙi. Matar Benz, Bertha, wadda dama da dukiyarta aka tallafi sana'ar, ita ta gaji da jira, a watan Agustan 1888 ta tashi da sassafe ba ta gaya wa mijin ba ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu ta tuƙa motar daga Mannheim zuwa Pforzheim, tafiyar da ta haura kilomita 100, lokacin da babu gidan mai ko ɗaya a duniya. A kantin magani na wani gari Wiesloch ta sayi man da ta zuba, bututun mai ya toshe ta zare tsinken hularta ta tsokale shi, birki ya cinye ta tsaya wajen baduku ya liƙa mata fata. Ka san ina ta nufa? Gidan mahaifiyarta. Duk lokacin da na tuna wannan sai in yi dariya, wato doguwar tafiya ta farko da aka yi a mota a duniya gaida tsohuwa aka je yi da ita, ka ga ashe ba mu kaɗai ba ne.

Sunan Mercedes kuwa sunan yarinya ne. Wani ɗan kasuwa Emil Jellinek da ke zaune a Nice ta Faransa yana sayen motocin Daimler yana sayar wa masu kuɗi yana kuma shiga tsere da su, shi ya sa aka ƙera masa sabon samfuri aka sa masa sunan 'yarsa, ta fito a 1901, Daimler kansa bai gani ba don ya rasu a 1900. Bayan yaƙin duniya na farko tattalin arzikin Jamus ya karye, kamfanonin biyu suka ga ba sarki sai Allah suka haɗe a 1926, daga nan aka samu Mercedes-Benz, mu kuma bakinmu ya lanƙwasa shi ya koma Marsandi. Tauraron nan mai tsinke uku da kuke ɗaukar hoto da shi nufinsa ƙasa da ruwa da sama, don injinansu na mota da jirgin ruwa da jirgin sama ne.

Mu nan sanin da muka yi mata iri biyu ne. Akwai ta wahala, babbar motar nan 911 mai gajeren hanci da ta yi dakon gyaɗa da goro da shanu tsakanin Arewa da Kudu, wadda a Legas suka mayar da ita bas ɗin haya da suke kira molue, daga baya har aka kafa kamfanin ANAMMCO a Inugu ana harhaɗa manyan motocin Marsandi a nan gida, lokacin da Kaduna ke harhaɗa Fijo, Legas Boswaja, Bauchi Steyr, Kano Fiat. Sannan akwai ta manya. A cikin baƙar Marsandi aka harbe Janar Murtala ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976 a Legas yana hanyar ofis ba jiniya ba rakiya, motar tana gidan tarihi na Onikan da hujojin harsashi a jikinta, na je na ganta da idona kuma ban iya daɗewa a wajen ba. A zamanin Obasanjo na soja sai gwamnati ta ce a rage fankama manyan ma'aikata su koma Fijo 504, to ka ga sai Marsandi ta ƙara zama ta sarakuna da attajirai, wanda duk ya hau an san aljihunsa ne ya saya.

Ni a 1979 na fara riƙe sitiyarinta, ina direban wani Alhaji ɗan kasuwa, Allah ya jiƙansa. Sabuwa dal ya saya, 200 ce ruwan madara, irin wadda daga baya da sabuwar Marsandi V-boot ta fito aka koma ce mata filat but. Lokacin naira ta fi dala ƙarfi, kar ka yi dariya, haka abin yake. Ranar farko na nemi hambirki a gefena na rasa har gumi ya karyo min, ashe da ƙafar hagu ake taka shi, a ja wani ɗan mariƙi ya saki. Ƙofarta in ka rufe ba ta ƙara, wani ɗan tum kawai za ka ji kamar an rufe akwatin ƙarfe na ajiyar kuɗi. To abin da nake so ka ji shine inda muka fara zuwa. Ba gidansa muka nufa ba, ba kasuwa ba, cikin birni muka shiga wajen mahaifiyarsa, lungun ma motar ba ta shiga sai da aka riƙo tsohuwar aka fito da ita bakin titi. Alhaji ya durƙusa ya miƙa mata makulli, ta juya shi a hannu ba ta ma san ina ne kansa ba, ta ɗora tafin hannunta a kan bonet ta yi addu'a, Allah ya tsare, Allah ya sa a kashe lafiya, ya sa ta ɗauki marar lafiya zuwa asibiti kafin ta ɗauki amarya, sannan ta kwance bakin zaninta ta ba ni tukwici ni direba. Kuɗin ba su kai na fanta biyu ba amma na daɗe ban kashe su ba.

Daga nan muka wuce gidan tsohon maigidansa, wanda ya riƙe shi yana yaro ya koya masa kasuwa, a lokacin kuwa karayar arziki ta same shi wata tsohuwar Fijo 404 yake hawa. Tun daga nesa Alhaji ya ce min tsaya nan, muka bar motar a bakin wani masallaci ya taka da ƙafa cikin rana da babbar riga, ya cire takalmi a zaure, ya gaishe shi ya ce albarkacinka Allah ya hore min abin hawa na zo ka sa albarka. Tsohon ne da kansa ya ce ina take, a kawo ta ƙofar gida mana, sannan aka aiko yaro ya kira ni. Ya shiga gidan gaba muka zaga da shi har wajen Ƙofar Nassarawa muka dawo yana ta shafa kujera yana dariya. Kuma ashe tun kafin a biya kuɗin motar Alhaji ya je ya shawarce shi, wannan zuwan na biyu ne. Har tsohon ya rasu Alhaji bai taɓa yin fakin a ƙofar gidansa ba sai an ce ya matso.

To ka ga al'adar kenan yadda na ganta, ba cewa aka yi yaro ba zai taɓa fin maigidansa ba, ai duk maigidan kirki burinsa kenan, abin da ba a so shine ya ji a bakin mutane, ko ya fito da safe a Kantin Kwari ya ga yaron da ya yaye jiya ya danno hancin Marsandi ya faka kusa da tasa ana kallonsu ana ƙus-ƙus. Kuma kar ka manta har yanzu da sunansa ake ba ka kaya bashi, dilolin da suke sakar maka don sun san gidan da ka fito ne, in suka ga motar kafin su ga ka cika shago lissafi za su fara, kuɗin waye a ciki. Babanka wannan yake hangowa, sai dai shi yaya ka san shi, ba ya dogon bayani, a'a kawai zai ce ya ja carbinsa. Ni a nawa ganin inda mutanenmu suke wuce gona da iri shine in aka mayar da abin hassada, a danne yaro shekara goma don kar ya fi wani, wannan kam ban yarda da shi ba kuma na sha faɗa a gaban manya.

Saura ɗaya ɓangaren da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa, don ni na ɗanɗana. Alhaji yakan ce sayen doki ba wuya, harawa ce aikin. Wajen 1998 na tara 'yan kuɗina na sayi V-boot ta hannu, mai waifa ɗaya ɗin nan da ke share gilashi duka ita kaɗai, na ce nima yau na zama mutum. Motar ba ta da laifi ko kaɗan, ni ne ban da ƙarfinta. Lokacin juye ya yi sai in sayi baƙin mai na gwangwani a bakin titi, lagireto ruwan rijiya nake ɗura mata, da ta fara zafi na kai wa wani bakanike mai araha ya cire tamostat ya jefar ya haɗa fanka kai tsaye ya ce ai wannan na ƙasar sanyi ne, bayan wata huɗu gasket ya ƙone a hanyar Zariya da iyali a ciki, na yi sati ina zarya Ƙofar Ruwa neman kan inji. Wannan na inji kenan. Na mutane kuwa ya fi, duk bikin da za a yi a dangi da unguwa motata ce ta ɗaukar amarya kuma ba mai zuba maka ko lita ɗaya, in ka hana a ce ka yi kuɗi ka canza, maroƙi ya hango tauraro sai ya ɗaga murya, mai tumatir ya ga makulli a hannunka kuɗin kwano ya tashi, wanda da naira ashirin kake ba shi ya yi godiya yanzu in ka ba shi sai ya tsaya yana kallon motar. Yara kuma suka ɓalle tauraron sau biyu. Shekara biyu na sayar na koma Fijo na samu barci.

Ta yanzu kuwa da kake so ta fi waccan laulayi, duk jikinta sensa ne da kwamfuta, ba a gyara ta da guduma da ƙiyasi, sai mai na'urar dubawa, man injinta na musamman ne, ga ta ƙasa-ƙasa, ka tuna layinku in damina ta sauka. In kuɗin da ke hannunka na sayen ne kawai babu na riƙo a gefe to ba su kai ba tukuna. Sannan maganar Kwatano ka buɗe ido, a farkon 2017 gwamnati ta sa dokar hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, saboda haka takardun kwastan su za ka fara dubawa kafin fenti, a tabbatar an biya diyuti na gaske da lambar shasin motar, kar a tare ka a hanya ka dawo gida a adaidaita.

Abin da zan ce ka yi, ka samu maigidanka a gida ba a shago ba, bayan magariba, ka ce masa kana da niyyar abin hawa ka zo neman shawara, ka faɗi irin motar da kuɗinta kar ka ɓoye. In ya ce Allah ya sa albarka, babanka ka bar ni da shi, zan je in same shi ranar Juma'a. In kuma ya ce ka ƙara juya kuɗin zuwa bayan sallah to ka ƙara, ya san kasuwar fiye da ni da kai. Kuma duk wadda za ka saya kar ka biya ko sisi sai an kawo min na ji kukan injinta da safe kafin ta yi zafi, kunnena bai mutu ba tukuna. Ka gaida mamanka, ka ce mata maganin ƙafar nan da ta aiko ya ƙare.